Yadda hotuna biyu suke tayar da duwatsun Mars daga kan takarda

Duk wanda ya saba bin hanyar Wusasa da yamma ya san yadda dutsen Kufena yake tsaye shi kaɗai a kan fili, sai mutum ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshensa. Amma ranar da aka fara shimfiɗa mini hotonsa a kan tebur, wanda jirgin safiyo ya ɗauka daga sama, ban gane shi ba ko kaɗan. Wani tabo ne mai ruwan toka a tsakiyar gonaki, kwance kamar an zubar da kunu a tabarma. Malaminmu ya ajiye hoto na biyu a gefen na farko, wanda jirgin ya ɗauka bayan ya ɗan ƙara gaba, ya ɗora wata na'ura mai madubai a kansu, ya ce in leƙa, idon hagu ya ɗauki hoton hagu, na dama ya ɗauki na dama. Na daɗe ina ganin komai biyu-biyu, ina tura hoto ɗaya da ɗan yatsa a hankali, sai farat ɗaya hotunan suka haɗe. Dutsen ya taso daga takarda har na ja kaina baya, itatuwa suka miƙe tsaye, bakin rafi ya nutse. Babu abin da aka ƙara a kan takardun nan biyu, amma ga tudu ga kwari a gabana.

Da wannan dabarar ce aka san da yawa daga abin da aka sani game da gangaren duwatsu da zurfin ramukan Wata da duniyar Mars, wuraren da babu mai safiyon da ya taɓa kafa sandarsa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tsayin da ake gani ba ya cikin hoton farko, ba ya kuma cikin na biyu. Yana cikin bambancin da ke tsakaninsu ne, don haka duk abin da ya ɓata wannan bambanci ya ɓata dutsen, ko da kowane hoto a karan kansa ya fito tas.

Mutum zai iya gwada tushen al'amarin a zaune. Ya miƙa babban yatsansa, ya rufe ido ɗaya ya saita yatsan da bakin ƙofa, sannan ya sauya ido. Zai ga yatsan ya goce gefe, alhali bai motsa hannunsa ba. Abin da ke kusa yakan goce da yawa, na nesa ya goce kaɗan, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce take juya wannan gocewa ta mayar da ita nisa. Tsakanin idanun mutum bai wuce santimita shida da rabi ba, kuma a 1838 ne Charles Wheatstone ya nuna wa masana a Landan cewa idan aka ba kowane ido zane nasa dabam, mai ɗan bambanci da na ɗan'uwansa, mutum zai ga abu mai kauri a inda babu komai sai takarda. Matsalar ita ce, tazarar idanunmu ta yi ƙanƙanta. Da abu ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, idanun biyu kusan abu ɗaya suke gani, daga nan sai mu koma dogaro da inuwa da girman abin da muka saba gani. Wanda ke cikin kumbo a nisan kilomita 300 daga ƙasa, ko da idanunsa garau suke, faifai zai gani a shimfiɗe.

Inuwa kuwa ba abokiyar amana ba ce a wannan aiki. Idan aka ɗauki hoton ƙwarya daga sama da hantsi, mai kallo ba zai iya rantsuwa cewa a buɗe take ko a kife ba, sai ya san ta inda rana take haskowa. Ƙwaƙwalwarmu ta saba ɗauka cewa haske daga sama yake zuwa, shi ya sa hoton ramin Wata yakan koma tudu da zarar an juya takardar ƙasa ta koma sama. Ana iya auna tsawon inuwa a ƙiyasta tsayin dutse idan an san tsayuwar rana a lokacin, kuma an daɗe ana yin haka, to amma wannan awo na wuri ɗaya ne, bakin inuwar kawai, ba ya ba da surar ƙasa gaba ɗaya.

Mafita ita ce a raba idanun, a nisanta su. Tun a shekarun 1850 Warren De la Rue a Ingila ya lura cewa Wata yakan ɗan karkata fuskarsa gare mu daga lokaci zuwa lokaci, sai ya haɗa hotuna biyu da aka ɗauka a lokuta dabam, Watan ya fito mulmulalle kamar ƙwallo. Kumbon da ke kewaya wata duniya ma haka yake yi, sai dai shi da kansa yake canza mazauni. A ce yana tafiya a nisan kilomita 300, ya ɗauki wani wuri yana kallonsa kai tsaye daga bisa, daga baya ya sake ɗaukarsa yana karkace da digiri 20. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu da ya tsaya ta kai kilomita 109, wato kamar a ce idon hagu yana Zariya, na dama ya wuce Kaduna. A irin wannan karkata, kowace mita ɗaya ta tsayi takan sa ƙolin abu ya goce da kimanin santimita 36 daga gindinsa a hoto na biyu. Wanda ya auna gocewar, ya kuma san kusurwar, ya sami tsayin. Lissafin ke nan gaba ɗayansa, sauran aikin duk ƙoƙari ne na tabbatar da cewa gocewar da aka auna ta dutsen ce, ba ta wani abu dabam ba.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa wa masu yaɗa irin waɗannan hotuna a intanet. Da yake idanun da suka ɗauki hoton sun fi namu nisa da juna ƙwarai idan aka kwatanta da nisan abin da suke kallo, ƙasar takan fito da zurfi fiye da yadda take, ninki biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. Gangaren da jaki zai hau da kaya sai ya zama kamar bangon ganuwa. Ba ƙarya aka yi ba, domin wannan ƙari shi ne yake bayyana ƙananan tudu da ido ba zai kama ba, amma wanda ya kalli hoton ya yanke hukunci cewa wurin ba ya hawuwa ya yi gaggawa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fage kimar da ido yake bayarwa tana buƙatar mudu a bayanta.

Tarihin aikin a sararin samaniya ya fara da fim na gaske. Kumbunan Lunar Orbiter guda biyar da Amurka ta aika Wata a 1966 da 1967 a cikinsu suke wanke fim, su karanta shi da haske, su aiko da shi ta rediyo. A tafiye-tafiyen Apollo na 15 da 16 da 17, a 1971 da 1972, an ɗora wata babbar kyamara da take duƙawa gaba ta ɗauka, ta koma baya ta sake ɗauka, tsakanin kallo biyun digiri 25, kuma fim ɗin sai da ɗan sama jannati ya fita wajen kumbo a hanyar dawowa ya ɗauko shi da hannu, kamar yadda Alfred Worden ya yi a 1971. A Mars kuwa, kumbunan Viking biyu da suka isa a 1976 sun aiko da hotuna fiye da 50,000, kuma masu taswira sun yi ta tsintar waɗanda suka hau kan juna suna haɗawa, amma da yawansu ba a lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, ba kuma da haske iri ɗaya ba, sai awon ya zo da rauni.

Wannan rauni shi ne ya sa Jamusawa suka ƙera kyamarar HRSC, wadda kumbon Mars Express na hukumar sararin samaniyar Turai ya kai Mars a watan Disamba na 2003, ƙarƙashin jagorancin Gerhard Neukum. A ganina babu na'urar da ta fi ta nuna fahimtar matsalar. A bayan gilashinta ɗaya akwai layuka tara masu ɗaukar haske, ɗaya yana kallon ƙasa kai tsaye, biyu suna kallon gaba da baya da digiri 18.9, biyu da digiri 12.8, huɗu kuma na launi ne. Yayin da kumbon yake wucewa, layin gaba ne yake fara ganin wuri, sannan na tsakiya, sannan na baya, duk a wucewa ɗaya, rana ba ta gusa ba, ƙura ba ta tashi ba. Idan kumbon ya sauko kusa, wajen kilomita 250, kowane ɗigo na hoton yana ɗaukar kimanin mita 10 na ƙasa. Japan ta bi wannan tafarki a kumbon Kaguya da ta aika Wata a 2007 da kyamara mai ido biyu, Indiya ma haka a Chandrayaan-1 a 2008 da mai kallo uku. Ita kuwa CaSSIS ta jami'ar Bern a Switzerland, wadda ta tashi zuwa Mars a 2016, ido ɗaya gare ta a karkace da digiri 10, takan ɗauki wuri tana tunkararsa, ta juya rabin da'ira, ta sake ɗaukarsa tana barinsa a baya.

Amma kyamarar da ta fi kowace gani dalla-dalla a cikin masu kewaya Mars ba ta da wannan gata. HiRISE, wadda jami'ar Arizona take gudanarwa a kan kumbon Mars Reconnaissance Orbiter tun isarsa a watan Maris na 2006, madubinta rabin mita ne, kuma ɗigonta ɗaya santimita 25 zuwa 30 ne a ƙasa, har tana iya ganin dutsen da bai fi turmi girma ba. Faɗin abin da take ɗauka bai wuce kilomita shida ba, kuma wuri ɗaya take kallo. Idan ana son tagwayen hotuna, dole a mirgina kumbon gaba ɗaya zuwa gefe a wani zagayen, a jira har hanyarsa ta sake biyowa kusa da wurin, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. An tsara falakin kumbon yadda zai riƙa wucewa da misalin ƙarfe uku na yamma a agogon wurin, wanda ya rage sauyin inuwa, to amma Mars tana da damina da rani irin nata a shekararta mai kwana 687. A tsakanin hoto na farko da na biyu ƙanƙarar iskar kabon tana iya sauka ta rufe ƙasa ko ta koma iska, tudun rairayi yana iya matsawa, ƙura tana iya cika sama. Mutumin Zariya ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan na ƙarshe, domin ya san yadda Kufena yake ɓacewa a hazon hunturu ko da yana tsaye a gindinsa. Inuwar da ta gusa tsakanin hotuna biyu, kwamfuta za ta ɗauke ta a matsayin gocewa, ta gina tudu a inda babu shi.

Akwai kuma wata wahala da ta samo asali daga yadda waɗannan kyamarori suke ɗaukar hoto. Ba sa ƙyafta ido sau ɗaya kamar kyamarar waya. Yawancinsu layi-layi suke tara hoton yayin da kumbon yake gudun kilomita uku da wani abu a daƙiƙa, kamar yadda masaƙi yake jefa ƙoshiya zare bayan zare har ƙyalle ya cika. Kowane layi yana da nasa lokaci, da nasa mazauni a sama, da tasa kusurwa. Idan wata na'ura a cikin kumbon ta motsa ta sa shi ɗan karkarwa, ko da ta kai ƙanƙantar da mutum ba zai ji ba, layukan za su karkace, kuma a taswirar tsayi sai a ga kunya-kunya a jere kamar an yi huɗa a gona, alhali filin sumul yake. Saboda haka kafin a fara awo sai an ɗauko bayanan da ke nuna inda kumbon yake da inda ya fuskanta a kowane ɗan lokaci, a gyara su ta hanyar daidaita ɗaruruwan wurare da suka fito a hotunan biyu, a kuma cire karkarwar gwargwadon iko. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ba a nunawa a labarai, kuma shi ne yake cin lokaci.

Bayan haka ne kwamfuta take shiga aikin da idona ya yi a kan hoton Kufena. Takan ɗauki ɗan yanki a hoton hagu, ta neme shi a na dama, ta rubuta yawan gocewarsa, ta matsa gaba, har sau miliyoyi. Masu aikin sukan ɗauka cewa a wuri mai kyau tana iya daidaita yanki biyu da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ɗigo ba. A hoton HiRISE wannan santimita shida ke nan, wanda idan aka raba shi da waccan gocewa ta santimita 36 a kowace mita, zai ba da kuskuren tsayi na ƙasa da santimita 20, daga nisan kilomita 300. Har yau idan na sake wannan lissafi sai na jinjina. Sai dai sharaɗin shi ne ƙasar ta kasance da alamomi, tsakuwa ko tsaga ko ƙananan ramuka. A shimfiɗar ƙura mai laushi, ko a cikin inuwa mai duhu, kowane yanki kama yake da maƙwabcinsa, kwamfuta ba ta da abin kamawa. Nan ne ake samun giɓi, kuma manhajoji da yawa sukan cike giɓin da ƙiyasi daga gefe da gefe, taswira ta fito lafiya lau, mai kallo bai san inda awo ya tsaya zato ya fara ba. Wannan ɗabi'a tana damuna fiye da kowane kuskure na na'ura.

Ko an yi komai daidai, tagwayen hotuna sun fi iya faɗin yadda wannan wuri ya ɗara wancan, ba su da ƙarfi wajen faɗin tsayin yankin gaba ɗaya, kuma taswirar tana iya fitowa a ɗan jirkice. A duniyarmu daga doron teku ake fara ƙirga, Mars kuwa ba ta da teku, sai masana suka tsayar da wani mataki na lissafi bisa ƙarfin jan duniyar suka mai da shi sifili. Abin da ya kafa turakun awon shi ne na'urar MOLA a kan kumbon Mars Global Surveyor, wadda daga 1997 zuwa 2001 ta harba hasken leza zuwa ƙasa tana auna lokacin dawowarsa, har fiye da sau miliyan 600. Tsakanin harbi da harbi kimanin mita 300 ne, don haka ba ta ganin ƙananan abubuwa, amma abin da ta auna tabbatacce ne. Aikinta daidai yake da na dutsen siminti da masu safiyo suke binnewa a kusurwar fili: a kansa ake ɗaure taswirar hotuna, su kuma hotunan su cike abin da ke tsakani. A Wata na'urar LOLA ce take wannan aiki tun 2009. Kumbon New Horizons da ya gifta Pluto ranar 14 ga Yuli 2015 bai tafi da irin wannan na'ura ba, saboda haka taswirar tudu da kwarinta, har da duwatsun ƙanƙarar da suka haura mita 3,000, ta dogara ne a kan hotunan da ya ɗauka yana wucewa.

Hoton nan mai ja da shuɗi da ake kallo da tabarau na leda ɗan'uwan taswirar tsayi ne, amma shi don ido aka yi shi. Ana rina hoton hagu da ja, na dama da shuɗi mai ratsin kore, a ɗora su a kan juna, ledar kowane ido ta tace nata. Dole a juya hotunan yadda gocewar za ta kwanta daga hagu zuwa dama kamar idanunmu, shi ya sa a hotunan HRSC, waɗanda gocewarsu take bin hanyar kumbo daga kudu zuwa arewa, arewa takan koma gefe maimakon sama. Idan kuma aka musanya hagu da dama, komai yakan kife. Ni ma na taɓa yi a mako na biyu da fara koyo, na leƙa na ga ƙaton rami a inda Kufena yake, na ce, "Malam, ai wannan kududdufi ne." Bai ko leƙa ba ya ce, "Ɗana, sauya hannu." Na sauya, dutsen ya dawo.

Amfanin wannan wahala ya fito fili ranar 18 ga Fabrairu 2021, lokacin da motar bincike ta Perseverance ta sauka a Mars, a ramin Jezero mai faɗin kilomita 45, wurin da a da ake ganin ya cika haɗari saboda gaɓa da duwatsu da rairayi. Masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka a Flagstaff sun riga sun haɗa taswirar wurin daga tagwayen hotunan HiRISE da na kyamarar CTX da ke kan kumbo ɗaya da ita, sun gyara kowane ɗigo ya zauna a mazauninsa na gaskiya. Motar tana saukowa tana ɗaukar hoto, tana gwada shi da taswirar da ke cikinta, ta gane inda take, ta kauce wa wuraren da aka yi wa alamar haɗari. Masu nazarin duwatsu kuma da irin wannan taswira suke auna karkatar shimfiɗun laka a bakin tsohon kogin da ya shiga Jezero, su gane ta inda ruwa ya gangaro da yawan abin da ya tara.

Abin da ya sa na ɗauki wannan batu da zafi shi ne, ba baƙon ilimi ba ne a garinmu. Taswirorin Najeriya masu ma'aunin 1:50,000, waɗanda har yanzu ake buɗewa a azuzuwa, daga hotunan jirgi aka zana yawancinsu, kowane hoto yana hawa kan na bayansa da kashi 60 cikin ɗari don a sami tagwaye. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana koyar da safiyo da ilimin ƙasa a Samaru. Ɗalibin da ya iya fitar da tsayi daga hotunan Mars, hannunsa ya faɗa ke nan a kan aikin da za a auna zaizayar ƙasa a gaɓar Kubanni ko Galma da jirgi maras matuƙi, domin lissafin bai canza ba. Hotunan HiRISE da CTX a buɗe suke ga kowa a rumbun bayanan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ba tare da biyan ko kwabo ba, manhajojin sarrafa hotunan, ISIS da Ames Stereo Pipeline, ma kyauta ne, har ma akwai shafin HiWish inda kowa zai iya ba da shawarar wurin da yake so a ɗauka. Abin da zai tare ɗalibinmu shi ne nauyin hotunan da kuɗin data da tsayuwar wutar lantarki, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Saboda haka wanda zai fara, ina ba shi shawara ya bar HiRISE tukuna ya kama CTX. Ɗigonta mita shida ne, faɗin hotonta kilomita 30, ta riga ta ɗauki fiye da kashi 99 cikin ɗari na Mars, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi za ta iya da ita. Kafin ya sauke komai, ya duba bayanan hotunan biyu, ya tabbata kusurwar da ke tsakaninsu tana wajen digiri 15 zuwa 30, tsayuwar rana ta yi kusa da juna, kuma a yanayi ɗaya na shekara aka ɗauke su. Ya zaɓi wuri mai tsakuwa da ramuka, ba shimfiɗar ƙura ba. Idan taswirar ta fito, ya ɗora ta a kan awon MOLA ya ga ko ta jirkice, ya nemi kunya-kunyar karkarwa a filin da ya san sumul ne, sannan wuraren da manhajar ta kasa haɗawa ya bar su fari yadda suke, ya rubuta a gefen taswirar lambobin hotunan da ya yi amfani da su da ranakun da aka ɗauke su.